Faifai Na Uku

Bango ɗaya ne ya raba shagona da na Kinuyo, a layin kasuwarmu mai rufi a garin Numazu, kuma shekara talatin da biyar ke nan ina jin haushin bangon nan. Ni ganyen shayi nake sayarwa, sana'ar da ke son natsuwa. Ita wanki da guga take yi, kuma ba ta iya ɗaga dutsen guga sai mawaƙin rok, kiɗan nan mai ƙara, mai suna Jin Haguro yana kururuwa a kanta. Muryarsa ba ta ƙetarowa wajena, ƙarar tukunyar tururinta ke cinye ta. Ganguna ne ke ratso katako, dum, dum, dum, daga takwas na safe har shida na yamma, gwangwanayen shayina na ta rawa a kan kanta. Sau uku ina sake musu wuri.

Kinuyo 'yar masu busar da kifi ce daga bakin tashar jiragen ruwa. Tana da shekara ashirin da huɗu ta auri Noboru, ɗan masu shagon wankin, mutumin da in ya yi magana biyar a wuni to ranar ya yi surutu. Uwar mijin ce ta koya mata guga, da tsawa da harara, har ya zama duk layin babu mai fitar da wuyan riga kamarta. Ma'aikata daga can bayan tashar jirgin ƙasa suke tahowa da fararen rigunansu. Shekara tara ta yi tana aiki kusa da tsohuwar, rediyo a kunne a tashar labaran yanayi, ba ta da ikon ko taɓa shi. A satin da aka gama zaman makokin tsohuwar ne Kinuyo ta miƙa hannu ta murɗa rediyon nan, sai ta faɗa a kan waƙar Haguro ta farko. Ta ce mini dutsen guga na hannunta a sama har waƙar ta ƙare. Wai mutumin ya yi a madadinta ihun da ta yi shekara tara tana haɗiyewa.

Tun daga ranar ba ta sake waiwayowa ba. Ta sayi baƙar rigar fata, ta rina gashin goshinta ja. Duk garin da zai yi wasa, in dai jirgi na zuwa, tana layin gaba, kusa da manyan lasifikoki. Noboru bai hana ta ba. Ya nemi auduga ya toshe kunne, ya ci gaba da kai wa mutane kayansu a 'yar motarsa.

Duk sabon faifan da ya fito, uku take saye, kamar yadda masoyan ƙwarai ke yi: ɗaya na saurare, ɗaya na ajiya wanda ko ledarsa ba a yagewa, na uku kuma na bai wa wani don a jawo shi cikin tafiyar. Na ukun nan ta so ta riƙa rabawa a layi, amma tun a na farko mai aski ya ce kansa na ciwo, matar mai nama ta ce jaririnta na barci. Ni ce ban da wurin gudu, don ƙofata na jikin tata. Haka na zama mai faifai na uku.

Ba a karɓar kyauta a naɗe hannu. Bayan kwana uku sai in ƙulla ganyen shayi mai kyau a takarda, in leƙa shagonta, in rusuna.

"Na saurara, Kinu-chan. Ya yi daɗi ƙwarai."

"Ko? Musamman waƙa ta biyun nan, ko ba haka ba?"

"Musamman ita."

Daga nan in hau sama, in buɗe ma'ajiyar shimfiɗa, in ɗaga bargunan hunturu, in jera faifan kusa da 'yan uwansa, yana cikin ledarsa, da 'yar ɗamarar takardarsa. Talatin cif suka taru a wurin. Ba mugunta ba ce, kada wani ya ɗauke ni a muguwa. Da farko cewa nake sai na samu sarari. Daga baya kunya ta hana ni komawa baya, don in na ce mata ban ji na biyar ba, sai ta tambayi na huɗu. Ga shi kuma a ganina na riga na biya hakkin Haguro ta bango, har da ƙari.

Shekara huɗu da suka wuce aka yi masa aiki a maƙogwaro, ya ɓace ɗif. Kinuyo ta naɗe masa tsuntsayen takarda dubu na fatan samun lafiya ta aika, ta ci gaba da sa tsofaffin faifai. Abin da na lura da shi kawai, sautin na ƙaruwa kowace shekara. Sai kuma na ga wata 'yar na'urar ji a bayan kunnenta, wadda ɗiyarta ta kawo mata daga Yokohama. Ta fara cewa in kalle ta in zan yi magana. Na ɗauka tsufa ne irin na kowa, tunda ni ma gwiwata ba ta barina in manta da shekaruna.

Da kaka ta shigo bana aka ce Haguro ya dawo, yana da shekara sittin da uku, da sabuwar waƙa mai suna "Ruwan Litinin". Ranar Laraba ake fitar da faifai, amma kowa ya san kwalin na isowa shagon tsoho Dobashi mai sayar da faifai tun Talata da rana. Ƙarfe ɗaya Kinuyo ta rataya allon "ina dawowa" a ƙofa, ta saka rigar fatar da yanzu ba ta rufuwa a ciki, ta nufi ƙarshen layi tana taku ɗai-ɗai kamar mai zuwa karɓar lambar yabo. Da ta dawo ta miƙo mini nawa da hannu biyu.

"Na talatin da ɗaya, Fusa-chan."

"Kullum ina ɗora miki ɗawainiya," na ce, na karɓa, na kai shi inda 'yan uwansa suke.

Na janye gwangwanaye daga jikin bango na jira. Ganguna suka taso na ɗan lokaci, suka tsaya. Suka sake tasowa da ƙarfin da ban taɓa ji ba, suka sake tsayawa. Shi ke nan. Laraba shiru, na mayar da gwangwanayen wurinsu. Alhamis shiru, sai hucin tururi. Shekara talatin da biyar ina roƙon shirun nan, ga shi ya zo, na rasa inda zan sa kaina. Na auna wa wata mata shayi sau biyu ina kuskure. Da rana na kasa daurewa, na zura takalmi na shiga wajenta.

"Lafiya? Haguro ya mutu ne?"

"Ke dai bakinki ba ya faɗin alheri," ta ce, ba ta ɗago ba. Riga ɗaya take ta gogewa, wadda ta riga ta gogu. Can ta ajiye dutsen, ta jawo wata jarida da wayarta ta tura mini.

"Karanta. Wannan na jarida ya ce muryar ta mutu, wai da ya zauna a gida ya yi renon jikoki. Na rediyo ya ce abin tausayi ne. Ga 'yan ƙungiyarmu ta masoyansa kuma a waya, sun ce bai taɓa yin wadda ta kai ta ba. Wata wai har kuka ta yi a cikin jirgi. To wa zan kama?"

"Ke me kika ji?"

"Tsakuwa."

"Me?"

"Tsakuwa ake zubawa a bokiti, abin da nake ji ke nan. Da na'urar, ba na'urar, duk ɗaya." Ta taɓa bayan kunnenta. "Shekara biyu ke nan, Fusa-chan. Tsofaffin ban damu ba, suna cikin kaina, gangar na tashi nake bin sa. Amma wannan ban san ta ba. Ban san inda yake shiga ba, ban san inda yake fita ba."

Na mayar mata da jaridar da wayar. Tausayinta ya kama ni, da haushin kaina da ban gane ba tuntuni.

"Ke kin ji shi tun daga na farko," ta ce tana kallon bakina. "Duk layin nan ke kaɗai ce. Ki saurari wannan ki faɗa mini, muryar tasa tana nan ko ta tafi? Ban son 'ya yi daɗi'. In ta tafi, in naɗe hotonsa in sa a akwati, in yi gugata shiru kamar zamanin tsohuwa. Ba zan tsaya ina gyaɗa kai ga abin da ba na ji ba, mutane na yi mini kallon tausayi. Ranar Lahadi ki zo."

Na ce to. Me zan ce? Na fito ina tambayar kaina. Ta yaya zan ce murya ta sauya ko ba ta sauya ba, alhali ban san yadda take da ba? In na ƙaga amsa, ko dai in raba ta da abin da ya riƙe ta rabin rayuwarta, ko in bar ta tana rawa a kan ƙarya. In kuma na faɗi gaskiya, ga shayi ƙulli talatin da rusunawa talatin a tsakaninmu.

Na wuce ƙofata na zarce shagon Dobashi, inda yanzu rabin kantar rigunan waya ne.

"Dobashi-san, ara mini abin sa faifai."

"Naki ya lalace?"

"Bai lalace ba."

"To?"

"Babu shi ne."

Ya sauke tabarau ya dube ni. Shi ke naɗe wa Kinuyo na ukun a takardar kyauta tun farko, ya san inda suke zuwa. Sai ya fashe da dariya har yana riƙe kanta.

"Fusako-san! Talatin! Ashe a gidanki ake ajiyar gaske, ba a nata ba!"

"Ka yi ta dariya, tsohon banza. In na ji maganar nan a bakin kowa, daga yau ganyen bara za ka riƙa sha."

"Ni? Kurma ne ni, bebe ne." Ya shiga ciki ya fito da wata 'yar na'ura mai ƙura, ya haɗa mini da abin sawa a kunne. "Ki yi da wannan. Bangon naku ta gefe biyu yake ratsuwa, ko da yake ita..." Bai ƙarasa ba, dariyar ta ɗauke. Ashe ya san da matsalar kunnenta.

Juma'a da Asabar na yi su a bayan kanta, waya na reto daga kunnuwana, ina cire ɗaya in mai saye ya shigo. Bi da bi na bi su, daga na farko. Kowanne in yage leda, in miƙar da ɗamarar takardar in ajiye. Gaskiya muryarsa ta ƙuruciya zarto ce. Wata waƙar kan babur take, wata kan wata yarinya mai jan takalmi, wasu kuwa ihu ne tsagwaronsa, na rasa abin da aka yi masa. Na yi tsaki ya fi a ƙirga.

Amma wani abu ya ba ni mamaki. Babu ganga ɗaya da ban sani ba. Da na takwas ya fara, ƙafata ta riga ni, na ce wannan ai ta shekarar da ɗana ke karatun jarrabawa ce, har na je na yi wa Kinuyo rashin mutunci. Faifai na sha huɗu na shekarar da guguwa ta yaye rufin layi ne. Na sha tara kuwa, da ya taso sai na ga kamar ya yi ƙarfi da yawa, ba haka na san shi ba. Can na tuna. Shi ne na bazarar da mijina Teruo ke kwance a sama yana jinyarsa ta ƙarshe. Wata huɗu Kinuyo ta yi tana sa shi ƙasa-ƙasa, ba wanda ya roƙe ta, ni kuma ban taɓa ce mata na gode ba. Na cire abin kunnen na zauna ina kallon ma'auni har wani ya shigo neman shayin sha'ir.

Asabar da la'asar na kai na talatin da ɗaya. Na saurara. Na mayar. Na sake mayarwa.

Ranar Lahadi bayan abincin rana na hau benensu. Noboru ya gaishe ni da kai, ya ɗauki sandar kamun kifinsa ya fice. Kinuyo ta zuba shayi, shayina, ta zauna tana fuskantata. Na gyara zama a kan gwiwa, na kafa hannuwa a tabarma, na sunkuyar da kai har ƙasa.

"Ɗago, ba na ganin bakinki," ta ce.

Na ɗago. "Kinu-chan, kafin komai. Faifan da kika ba ni, ban taɓa buɗe ko ɗaya ba sai shekaranjiya."

"Na sani."

"Ba ki ji ni ba. Cewa na yi..."

"Na ji ki sarai. Ranar da aka yi makokin Teruo-san, ba ke kika aike ni sama in ɗauko matasan zama na baƙi ba? Sha tara ne a lokacin, ƙarƙashin bargo, kin jera su bi da bi. Har ƙura na kaɗe musu."

Kunya ta rufe ni, sai kuma ta juye ta zama fushi. "Shekara goma sha biyu! Kina kallona ina rusunawa ina zuba miki ƙarya, kina ce mini 'musamman ta biyun'?"

"Shayin yana da kyau," ta ce, ta kurɓa. "Na ashirin da biyar ma waƙa ɗaya ce a ciki, babu ta biyu. Kika ce musamman ita."

"Muguwa! To don me kika ɗora mini wannan aikin?"

"Masoyansa ƙarya za su yi mini, don suna son sa. Na jarida kuwa da zagi yake cin abinci. Ke ba kya son sa, ni kike so. Kuma na san halinki, kunya ba za ta bar ki ki zo nan ba sai kin saurari duka. Nawa kika ji?"

"Duka. Har da ta babur."

Ta yi dariya, amma gajeriya. Ta ajiye kofin, ta haɗa hannuwanta a cinya, waɗannan hannuwan masu tabon ƙuna. "To faɗa mini."

Na yi magana a hankali, yadda za ta ga kowace kalma. "Muryar da kika sani ta tafi. Ba ya kaiwa sama. Ta dushe, tana da kaushi."

Ta gyaɗa kai, idonta ya koma kan hoton da ke bango. "Shi ke nan."

Na taɓa gwiwarta don ta kalle ni. "Ban gama ba, sarkin gaggawa. Inda da zai yi ihu, yanzu tsayawa yake. Ana jin yana jan numfashi, ba su goge shi ba. Sannan ya faɗi maganar ƙasa-ƙasa, kamar yana tsaye gefen teburin gugarki. Ihun na nan a ciki, riƙe shi yake. A cikin talatin da ɗayan nan, ita kaɗai na maimaita ba don dole ba."

"Sau nawa?"

"Shida."

"Ke? Fusako mai shayi?"

"Kar ki faɗa wa Dobashi."

Ta daɗe tana kallon bakina, tana neman ƙaryar da ta saba gani a wurin. Sai ta tashi ta sa faifan, ta ɗora tafin hannunta na dama a kan lasifika. Ganga ta taso, na ga ta kama ta nan take. Amma idonta na yawo, ba ta san inda mutumin yake ba. Na matsa na riƙe wuyan hannunta na hagu. Da ya shiga na matsa. Da ya ja numfashi na sassauta. Da ya kai wurin da ya riƙe ihun, na matse da ƙarfina duka, na daɗe ban saki ba.

"Nan ne?" ta ce.

"Nan ne."

"Mayar."

Sau huɗu muka bi ta. A na huɗun ban matsa ba sai da ta riga ni, tana motsa leɓe, takardar baitocin na buɗe a cinyarta. Hawaye na zubo mata tana murmushi, ni kuma na yi ta goge hanci ina cewa shayin ne ya yi zafi. Da zan tafi ta tare ƙofa ta ce ina ƙullin shayinta na wannan karon, wai faɗin gaskiya bai soke al'ada ba.

Da jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a mako ya fito, "Ruwan Litinin" ta zo ta sha huɗu. Mako na gaba ta gangara can ƙasa, na ukun ba a gan ta ba. Na jarida bai janye maganarsa ba. Kinuyo ko a jikinta. Ta yanke wurin da aka rubuta sha huɗun, ta bi shi da dutsen guga ya miƙe, ta manna kusa da hoton. Na'urar Dobashi kuwa har yau tana wajena, ya tambaya sau biyu na yi kamar ban ji ba.

Amma tun kafin jerin ya fito na san yadda aka ƙare. Litinin ɗin da ta biyo bayan Lahadin, takwas daidai, ina share bakin shago, sai ga shi ta bango: dum, dum, dum. Na san inda zai shiga, na san inda zai ja numfashi. Gwangwanin da ke ƙarshen kanta ya yi rawa ya yi rawa, ya gangaro ya faɗi ƙasa. Na ɗauke shi na mayar inda yake, jikin bango.